Ordinatar Ɗin Bahago Ya Farka

Assalamu alaikum ƴan uwana masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa Souwaiba ta samu miji ta watsar da mu. Wallahi ban watsar da ku ba, hannuna ne ya ƙi riƙe waya kwanakin nan. Yau ma da ƙyar na lallaɓa na zauna. Wadda ta san za ta zage ni, don Allah ta yi haƙuri ta kai ƙarshe tukuna.

Saboda waɗanda suka shigo yanzu, bari in ɗan koma baya. Ni ce matar Illiya, wanda duk tashar Agadez ta sani da Bahago, direban hanyar Dirkou. Ko shekara ba mu cika da aure ba ya fita wata Litinin tare da ayarin motoci. An gan shi a Dirkou ya sha shayi da abokansa. Daga nan ya saki babbar hanya ya bi wata da ya ce ya fi kowa saninta, shi ke nan. Ba shi, ba mota, ba gawa. Na jira shekarun da shari'a ta ce in jira, alƙali ya yanke hukunci, na yi takaba, na fita. Na dawo gidan Babana a unguwar Dagmanet. Sai Allah ya kawo Mushe Zaharaddin, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, malamin informatique, wato ilimin kwamfuta, a lise, makarantar sakandare, mutum mai sanyin magana kamar ba zai iya tsawata wa ɗalibi ba. An sa rana. Asabar ɗin nan mai zuwa ce ɗaurin aure.

Kuma ina son sa. Na faɗa muku a baya, zan sake faɗa yanzu don kar wata ta ce dole aka yi min. Ina son Zaharaddin.

Abu ɗaya na taho da shi daga ɗakin Illiya bayan kayan sawata: ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta irin ta tebur, mai ƙaton akwati baƙi, haɗe da kujerarsa. Safiyar da zai tafi yana ɗaura rawani a tsaye, ya nuna shi da haɓa ya ce, "Souwaiba, akwai abin da na haɗa shi da wayata. Kar ki kashe shi sai na dawo." Maganar ƙarshe da ya yi min ke nan a kan wani abu na gida. Tun daga ranar ya zame min jiki, duk sanda kuran, wato lantarki, ya ɗauke ya dawo, ko tuwo nake tuƙawa sai na aje muciya na je na danna maɓallin. Ban sauya komai ba. Hoton motarsa na nan a kan ekaran. Suri ɗin ma, ɗan abin nan da ake ja da hannu, yana nan a ɓangaren hagu inda ya bar shi, da maɓallansa a juye, na dama ya koma na hagu. Ni na koyi aiki da shi a haka.

Don Illiya komai da hagu yake yi, kuma ba ya jin kunya. Ranar da ya fara zuwa gaida Baba a zaure, shi ya karɓi butar shayi ya ɗaga ta sama ya tsiyaya wa Baba da hagu. Baba ya kalli kofin, ya kalle shi, ya ƙi karɓa. Saura kaɗan auren ya lalace a kan wannan. A garin nan ko bahago ne mutum, in zai zuba wa mutane shayi yakan daure ya yi da dama. Illiya ya ce shi in ya yi da dama kumfa ba ta tashi, wanda ba zai sha ba ya bari.

Da injin nan nake sana'ata. Ɗaliban jami'a suna kawo min takardun mémoire, kundin kammala karatunsu, in buga musu, ga ɗan akwatin wifi ina tura musu aikin. Inna kuwa tun da aka sa rana ta sa min ido a kansa.

"Ba za ki kai min kayan mamaci ɗakin wani ba, Souwaiba. A mayar wa danginsa."

"Inna da shi nake aiki."

"Mijin da za ki aura injuna nawa ne a hannunsa? Ke dai ki ce har yanzu ba ki saki ba."

Sai in koma kan aikina.

To, makon jiya abin ya fara. Rana ta take, gab da azahar, ina tsakiyar buga aikin wani ɗalibi, zafin bazarar nan da ko ƙadangare ba ya fita. Sai na ji akwatin ya ɗauki gurnani. Ba ƙarar da na saba ji ba ce, wannan daga ciki take tasowa, tana hawa tana sauka kamar numfashin mai barci. Ƴar jar wutar da ke gaban akwatin ta hau ƙyaftawa ba tsayawa. Na buga kalma, ba ta fito ba. Na ɗauke hannuwana na ɗora a cinya. Sai ga haruffan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, su kaɗai, ni kuwa hannuna na kan zanena.

Jama'a, na san ni na buga su. Na san jinkiri ne kawai. Amma ku zauna ku kaɗai a ɗaki da tsakar rana, gari ya yi tsit, ku ga rubutu na fita ba hannun kowa a kan kilabiye, maɓallan rubutun nan, sannan ku zo ku faɗa min yadda gabanku ya yi.

Da aka yi sallar azahar da ɗan jimawa ya yi shiru da kansa. Washegari a daidai wannan lokacin ya sake. Na ce zafi ne. Na ɗora akwatin a kan bulo biyu, na juya masa bantilatar, fankata ke nan, ni ina ta zuba gumi shi yana shan iska. Bai fasa ba. Rana ta uku ma haka. Da safe lafiya, da yamma lafiya, sai rana ta zo tsakiyar kai. Ga forfe ɗin intanet da yakan kai ni mako ya ƙare ban san inda ya bi ba.

Inna ce ta leƙo ta same ni tsaye a bakin ƙofa na kasa shiga.

"Kukan me wannan abin yake yi?"

"Nima ban sani ba."

Ta saurara. Na ga tsikar hannunta ta tashi. Ta juya, sai ga ta da kasko da garwashi, ta barbaɗa tazargade ta tura ƙarƙashin tebur tana karanta Falaƙi da Nasi. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin har idona na ruwa. Injin bai ma san tana yi ba.

"Mai kayan ne bai yarda ba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na faɗa miki a fitar da shi daga gidan nan."

A nan na ɗauki waya. Kunya nake ji in kai wa Zaharaddin matsalar kayan Illiya, amma tsoro ya fi kunya ƙarfi.

Na rubuta: "Mushe, kana aji?"

"Na fito yanzu. Amarya ta tuna da ni da rana tsaka, lafiya?"

"Ordinatar ɗina ne. Yana gurnani shi kaɗai, ya yi nauyi, yana cinye min forfe."

"Bon. Kar ki tsorata. Danna Ctrl da Alt da Suppr tare. Ki zaɓi Gestionnaire des tâches."

Na yi. Wani dogon jeri ya buɗe, sunaye birjik, wasu ko karanta su ban iya ba, lambobi a gefensu suna ta motsi.

"Innalillahi, duk waɗannan suna ciki? Ni abu ɗaya na buɗe fa!"

Sai ya turo murya, yana ƴar dariya. Ya ce in ɗauka kamar gidan biki ne, baƙi na zaune a falo, amma a bayan gida akwai masu wanke-wanke da masu hura wuta da ba a gani. Yawancinsu ƴan gida ne, in na kori wanda ban sani ba girki zai tsaya. Ya ce in sauka inda aka rubuta Processus en arrière-plan, in danna kan Réseau, wanda ya fi kowa ci zai hau sama. In ɗauki hoto in turo.

Na turo. Ɗaya ne a saman, shi kaɗai lambarsa ke tsalle, sauran duk sifili.

"Ban san wannan ba," ya rubuta. "Ba na Windows ba ne. Danna shi da maɓallin dama."

"Nawa a juye yake. Na hagu ne dama."

Ya turo fuskar dariya. Sai kuma na ga yana rubutu, ya tsaya, yana rubutu, ya tsaya. Ya tuna dalili. Can ya ce, "D'accord. Ki zaɓi Fin de tâche."

Na danna. Sunan ya ɓace. Gurnanin ya sauka a hankali har ya mutu, ɗakin ya yi shiru, har ina jin kukan kurciya a kan katangar maƙwabta. Na sauke ajiyar zuciya, na rubuta masa godiya da zuciyoyi uku, ban taɓa tura masa uku ba. Na tashi na yi alwala. Ina cikin yafa mayafi, na ba teburin baya, sai na ji ya dawo.

Na juya. Yana nan a saman jerin, inda na kore shi.

Na sake kashe shi, ya dawo. Na sake, ya dawo. A na ƙarshen ko hannuna ban ɗauke ba ya fito, kamar mutumin da ka tura waje ka rufe ƙofa ka juyo ka tarar da shi zaune a kan tabarmarka. Zaharaddin ya sa na kunna antivirus, ya yi ta bincike har la'asar, ya ce bai ga komai ba. Wannan ya fi tayar min da hankali. Da ya ce ya ga cuta ai da na ji daɗi.

"Gobe zan zo a lokacin da yake farawa," ya rubuta. "Zan nemi izinin Baba. Kar ki goge komai."

Jiya Laraba ke nan. Gidanmu ya riga ya fara ƙamshin biki. Ƙannen Inna biyu na tsakar gida a gindin bishiyar bedi suna dakan turaren wuta, ga buhun albasar da kawuna ya aiko daga Tabelot jingine a bakin madafa, ga atamfofin anko a shanye. Na sa doguwar rigata ruwan zuma, na ɗaura kallabi, na cire, na sake ɗaurawa. Na ji tsayuwar moto a waje, na ji sallamarsa a zaure, na ji Baba yana cewa ya shiga, ai ɗan gida ne.

Ya shigo cikin farin yadi, biro biyu a aljihu, gefen hannun rigarsa da ɗan allin aji. Ƙannen Inna suka hau tsokanarsa wai ango ya kasa haƙuri zuwa Asabar. Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Inna ta jawo kujerar tsuguno ta zauna a bakin ƙofar ɗakina da farantin shinkafa tana tsinta, don kar a ce an bar mu mu biyu.

Ya zauna a kujerar. Kujerar Illiya ce ita ma. Ban taɓa ganin wani namiji a kanta ba, sai da na dafa bango. Ya miƙa hannun dama neman suri, ya shafo tebur. Ya ɗan tsaya. Sai ya ɗauko shi daga hagu ya zagayo da wayarsa ta bayan kilabiye ya aje a dama, bai kalle ni ba.

Muka jira. Tabarya na ta bugawa a tsakar gida.

Sai injin ya fara gurnani.

Zaharaddin ya gyara zama. Ya buɗe jerin, ya samu sunan, ya duba inda aka ce Démarrage, ya ce shi ya sa yake dawowa, an sa shi ya tashi da kansa ne tun asali. Muryarsa ta aji ce, a natse. Ya danna wani wuri ya ce bari ya ga gidan da abin yake zaune. Taga ta buɗe. Ya karanta. Ya matso da fuskarsa ya sake karantawa.

Na san fuskar Zaharaddin. Na san ta in yana jin kunya, na san ta in ɗalibai sun ɓata masa rai. Wannan ban taɓa ganinta ba. Kibiyar na tsaye a kan wata kalma, Désinstaller, wato a goge, yatsansa na kan maɓalli, bai danna ba, bai ɗauke ba. Ya daɗe a haka har Inna ta daina tsintar shinkafa.

"Mushe?"

Ya ɗauke yatsan.

"Souwaiba, ba virus ba ne."

"To mene ne?"

"Wani programme ne da ke haɗa waya da ordinatar. Duk hoton da wayar ta ɗauka, in ta samu rezo, wato intanet, sai ya turo shi nan. Shekarun nan yana nan a kunne, yana jira, ba abin da ke zuwa, shi ya sa ba ki taɓa jin sa ba." Ya nuna ekaran. "Yanzu wayar ta fara turowa."

"Wayar wa? Ni ban haɗa tawa da komai ba."

"Ba taki ba ce."

Na zauna a bakin gado. Na ji Inna ta aje faranti a ƙasa. Ta tashi ta shigo, ta saki labule a bayanta, abin da ba ta taɓa yi ba in da baƙo namiji a ɗaki.

"Zaharaddin," ta ce, "ɗana. Ana iya goge shi?"

"Ana iyawa, Inna."

"To goge. Ni ban ji komai ba, kai ba ka ga komai ba. Yarinyar nan a gabana ta bushe kamar kara. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta fita ba takalmi. An yi masa sallah, an yi sadaka, ta yi takaba. Sai yanzu da ta fara dariya? Don girman Allah ka goge."

Kar ku zagi Innata. Ita ta riƙa ɗura min kunu da cokali a shekarar farko.

Duk mu ukun mun san abin da ba wanda ya faɗa. Malamin da ya raka mu wurin alƙali ya bayyana mana tun lokacin: in mijin da ya ɓata ya bayyana da rai kafin in shiga ɗakin wani, to ni matarsa ce har yanzu. Zaharaddin ya san wannan sarai, don shi da kansa ya je ya tambaya kafin ya aiko magabatansa.

"Inna," ya ce, "da zan goge, da na goge ɗazu kafin in buɗe baki. Na yi tunanin hakan, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba ni da iko a kansa." Ya juyo gare ni, karo na farko tun zamansa. "Ke za ki faɗa. In buɗe, ko in goge?"

Zuciyata ta ce goge. Wallahi ta faɗa, da ƙarfi ma. Bakina ne ya ce, "Buɗe."

Hotuna ne, jere da kwanan wata. Na farkon na ranar Litinin ɗin nan ne. Ga bayan motar cike da fasinjoji, ƙafafu a waje, kowa riƙe da sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa, ga bidon, jarkokin ruwa, an naɗe su da buhu. Ga Illiya ya ɗauki kansa yana ƙanƙance ido, rawanin da na wanke masa da hannuna. Na toshe bakina da kallabi. Ga Dirkou, ga abokansa. Sai mota a tsaye a fili, an ɗaga murfin inji. Sai wani an shimfiɗa bargo daga jikin mota an yi inuwa, mutane kwance a ƙarƙashi. Sai bidon a jere, a kife. Sai rairayi kawai. Rairayi, rairayi, sama. Ban san me yake son ɗauka ba.

Daga nan kwanan watan ya yi tsalle, ya tsallake shekarun nan duka ya faɗo cikin watan da muke ciki.

Akuya. Ƙafar wani a dishi-dishi. Rufin bukka na tabarma. Sai fuskar wata yarinya ƙarama ta cika hoton, da kitso irin na ƙabilar Tubawa, haƙoranta na gaba sun fita, tana dariya. Ita ce, ita ce, ita ce, ta fi sau goma, tana gwalo, tana rufe ido ɗaya.

Zaharaddin ya saki numfashi. "Tsintar wayar aka yi," ya ce a hankali. "Makiyaya ko masu neman zinariya. Wani ya sa mata sabon batir ya ba yarinya tana wasa. Irin wuraren nan wifi ɗinsu da hasken rana yake aiki, sai rana ta yi ƙarfi yake kamawa. Shi ya sa kullum sai gab da azahar."

Inna ta zube a ƙasa tana "Allah ya jiƙan Illiya, Allah ya sa ya huta." Ni kuwa kuka ya ƙwace min, irin wanda ban yi ba ko ranar da alƙali ya yi magana. Na ga inda ya ƙare, na ga bidon ɗin a kife. Ina kukan ƙishirwar da ya sha. Kuma a ƙarƙashin kukan, Allah na gani, akwai sanyi. Na ji sauƙi. Na ce a raina ashe ya rasu da gaske, Asabar tana nan. Ku zage ni a nan in kuna so, na riga ku zagin kaina.

Sai da na share ido na lura injin bai yi shiru ba.

"Saura ɗaya," Zaharaddin ya ce. "Yana saukowa."

Ya buɗe. Kwanan watan na shekaranjiya ne. Yarinyar ce dai, amma wannan karon ta kauce, rabin fuskarta kawai ya fito a gefe. A bayanta, cikin inuwar bukka, wani mutum na zaune ya tanƙwashe ƙafa a gaban ɗan murhun shayi. Hoton ya yanke shi daga kafaɗa, ba kai, ba fuska. Ramamme ne, rigarsa ta koɗe. A gabansa ƙananan kofuna uku. Ya ɗaga buta sama sosai, shayin ya zubo siriri kamar zare.

Da hagu.

Ban yi ihu ba. Na ji dai kunnuwana sun toshe, sai bugun tabarya daga nesa.

"Bahago ɗaya ne a duniya?" Inna ta ce da sauri. "Souwaiba, kalle ni. Shi kaɗai Allah ya halitta da hagu?"

"Kofi uku ne, Inna. Mutane yake zuba wa."

"Attends," Zaharaddin ya ce. "Yarinyar kanta take ɗauka. Kamarar gaba takan juya hoto kamar madubi, dama ta koma hagu. Yana yiwuwa da dama yake zubawa."

"Kin ji ko!" Inna ta kama hannuna ta matse. "Kin ji mai ilimin abin ya faɗa. Madubi ne. Alhamdulillahi. Rufe, ɗana, rufe haka nan."

Na kama maganar nan da hannu biyu. Madubi ne. Na ma fara gyaɗa kai. Da ya rufe a lokacin, wallahi da ban sake tambaya ba har in mutu, kuma da ba wanda zai ce ya yi ƙarya, don abin da ya faɗa gaskiya ne.

Bai rufe ba. Idonsa na kan wani abu a ƙasan hoton. Ya kama suri ya danna maɓallin da ba shi ba, ya manta a juye suke. Ya sake. Ya jawo kusurwar hoton ta girma. Kwalin shayi ne, kore, irin wanda ke kowane kanti a garin nan, yashe kusa da gwiwar mutumin.

"Souwaiba, karanta min rubutun kwalin nan."

Na karanta. Lambobin da sunan duk suka karantu tsaf.

"In da an juya hoton, da rubutun ma ya juye," ya ce. "Ba a juya shi ba."

Inna ta saki hannuna. Ta kalle shi kamar ta mare shi, sai kuma ta rufe fuska da zane.

"Me ya sa?" Ni na tambaya, ban ma san zan tambaya ba. "Me ya sa ka nuna min?"

"Da ke zan zauna, Souwaiba. Kullum in dawo daga lise in kalle ki, ina sane da kwalin nan?" Ya girgiza kai. "Ban ce shi ba ne. Yana yiwuwa wani ne can daban. Amma sai an je an gani. Irin hotunan nan sukan zo da alamar wurin da aka ɗauke su, zan duba, akwai direbobin da suka san ko'ina."

Ya miƙe. Ya ɗauki suri ɗin, ya zagayo da wayarsa ta bayan kilabiye, ya mayar da shi hagu daidai inda ya same shi. Ya tura kujerar ƙarƙashin tebur.

"Zan ga Baba a zaure, in roƙe shi a dakatar da Asabar. Gara ya ji daga bakina."

"Zaharaddin..."

Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba sai ranar. Ya tsaya a bakin labule, bai juyo ba. Na ga ya sa bayan hannu ya goge fuska.

"Wata ƙila gobe wani hoton ya zo, mai fuska," ya ce. "Kar ki kashe shi."

Ya fita. Ƙannen Inna suka bi shi da guɗa, don ba wanda ya faɗa musu komai, suka ci gaba da dakan turarensu.

Bayan la'asar kuran ya ɗauke. Ekaran ya yi baƙi, ɗakin ya yi shiru, na zauna ina kallon fuskata a cikinsa. Inna ta zo ta tsaya a ƙofa, idonta ya kumbura. Can bantilatar ya motsa, wuta ta dawo. Na tashi na je gaban akwatin. Na daɗe a tsaye, Inna na kallon bayana.

Na danna.

Yanzu da nake rubuta muku hantsi ya yi, rana na hawa. Na yi alwala na shimfiɗa darduma kusa da tebur don in roƙi Allah kafin ya fara gurnani. Ɗazu na ɗaga hannuwana har suka gaji, ban san abin da zan roƙa ba.